Taubashina Ya Rage Gudu a Saman Haɗeja

Zuwa ga Babban Kyaftin, Shugaban Matuƙa na kamfanin jiragen saman da taubashina yake yi wa aiki.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da duk matuƙan da ke ƙarƙashinka, na sama da waɗanda ke ƙasa suna jiran a gama zuba mai. Ina yi maka barka da damina. Mu nan Haɗeja kogi ya cika ya tumbatsa, ruwa ya ɗan yi gyara a wasu ƙauyuka, kifi ya yi araha, sauro kuma ya yi ƙiba.

Ba ka san fuskata ba, amma muryata ka san ta. Ni ce matar nan mai kula da zirga-zirgar jirage, wadda ke zama gaban allon rada tana karɓar jiragen da suka fito daga gabas, ta jera su ɗaya bayan ɗaya, ta miƙa su ga hasumiya su sauka. Kai kanka ka sha biyowa ta hannuna, kuma tsakani da Allah ban taɓa ba ka gudu ka yi wani daban ba. Shi ya sa da na rasa inda zan kai kukana, kai ka faɗo mini a rai.

Makonni ke nan rabona da wannan kujera. An dakatar da ni har a gama bincike, na tattaro na dawo gidan mahaifiyata, inda aka mai da ni mai tsintar shinkafa da rakiya gidan biki. Ranar Litinin mai zuwa kwamiti zai zauna. In ya yanke cewa sakacina ne, za a karɓe lasisina na rada, a tura ni ofis in riƙa buga hatimi har ritaya ta zo ta same ni. Na sha wuya kafin in sami aikin nan, kuma ina son sa. Mutum ɗaya ne zai iya wanke ni da magana guda, kuma a cikin mutanenka yake. Bari in jero maka abin daki-daki.

Na ɗaya: ko wane ne shi, da abin da ya sa na rubuto a fili.

Ba zan faɗi sunansa ba. Kyaftin nawa gare ka ɗan Haɗeja mai gonar shinkafa a wajen Guri? To shi. Mahaifinsa yayan mahaifiyata ne, ni in ce wa babansa Kawu, shi ya ce wa mahaifiyata Goggo. Ke nan taubasai ne mu. A lissafinsa shi ɗan namiji ubangida ne, ni 'yar mace baiwa ce, kuma tun muna wasan ƙasa yake faɗa mini haka. Ni kuwa sunan da duk gida ke kiransa da shi nake kiransa, wato Mai Nawa. Yana yaro in an aike shi kasuwa sayo kifi, sai an haƙura an kaɗa miyar kuka an ci an wanke hannu, sannan ya shigo da sallamarsa. Ranar da aka ce ya zama matuƙin jirgin sama, mahaifiyata cewa ta yi alhamdulillahi, an dai sami abin da zai sa shi sauri. Ashe da sauran kallo.

Ka san dokar wannan wasa, ko da a garinku ba a riƙe ta kamar mu ba. Taubashi ba a yi masa fushi, ba a kuma kai shi ƙara. Ya ƙwace maka hula, ya cinye maka nama, ya ce da kai bawa a gaban surukanka, sai dai ka yi dariya ka jira ranarka. Wanda ya fara ɓata rai shi ya faɗi. Mahaifiyata ta riga ta ja mini kunne cewa in na shiga gaban hukuma na buɗe baki na ce ɗan yayanta ya yi ƙarya, kada in ƙara taka mata ɗaki. Na ce to.

Amma na yi wa dokar karatun ta-natsu, na ga inda ta bar ƙofa. Ta hana ni kai shi gaban alƙali, ba ta hana ni tona masa asiri a bainar jama'a ba. Wannan ma ai shi ne wasan. Ranar ɗaurin aurensa ni na miƙe a gaban dangin amarya na shaida musu cewa angonsu har ya shiga sakandare yana gudun kwaɗo, kuma babu wanda ya ce na yi laifi, tukwici ma aka ba ni. Saboda haka wannan takarda ba ƙara ba ce, ranka ya daɗe. Wasa ne nake yi da taubashina, na dai ɗaga murya ne don ka jiyo.

Na biyu: abin da ya faru.

Wata Alhamis ce da hantsi, farkon watan da ya wuce. Jiragen da ke fitowa daga gabas, daidai saman fadamarmu suke fara gangarowa, a nan kuma ake miƙo mini su. Ran nan biyu suka zo a jere. Na gaba na taubashina ne. Na bayansa babban jirgi ne cike da masu dawowa daga Umra. Tazarar da ke tsakaninsu ta ishe ni, muddin kowa ya tsaya a kan gudun da na ba shi. Na kira na gaba na ce ya riƙe ɗari biyu da tamanin, a ma'aunin da muke aiki da shi, har sai ya sake jina. Ya maimaita mini tsaf, da muryar nan tasa ta manyan mutane da yake ajiyewa don rediyo. Na ba na baya gudu iri ɗaya, shi ma ya maimaita. Na juya kan wani ƙaramin jirgi da ya taso daga kudu yana neman a kauce da shi daga hadari.

Ko da na dawo da idona, sai na ga ɗigon jirgin Mai Nawa a allo ya fara jan ƙafa, na baya kuma yana cim masa. Na kira shi na tambayi gudunsa, ya ce yana gyarawa. Ban tsaya jiran gyaransa ba. Na karkatar da jirgin 'yan Umra dama, na tsayar da gangarowarsa, amma kafin ya gama juyawa tazarar ta ɗan gaza abin da doka ta yanka, ƙararrawa ta yi kuka, duk ɗakin ya waiwayo. Ba zan yi ƙari ba, ba wai saura ƙiris su haɗu ba ne, akwai sauran fili. Sai dai a yadda ɗaya ke cim ma ɗaya, filin nan bai kai a tafasa ruwan shayi ba zai ƙare. Bayin Allah suka je suka yi ta kewaya saman Jahun, tsofaffi da jarkokin zamzam, suna zaton ko sabuwar hanya ce. Kowa ya sauka lafiya. Kafin azahar an ɗaga ni daga kujera, kamar yadda ƙa'ida ta ce, kuma ban yi gardama ba. Sai da na shiga banɗaki na yi kukana na wanke fuska.

Na uku: amsar da kamfaninku ya bayar.

Kwamiti ya saurari faifan maganarmu, ya ji na ba da umarni, ya ji an maimaita. Ya rubuta muku yana tambaya, amsa ta dawo layi ɗaya: wai iska ce ta tare shi ta gaba. Ka fi ni sanin inda gizo ke saƙar. Allona gudun da jirgi ke cin ƙasa da shi yake nuna mini, ba abin da mitar gaban matuƙi ke nunawa ba, kuma iska na iya raba su. In iska ce, to laifin ya dawo kaina, domin ni ya kamata in lissafa da ita in bar tazara mai yalwa. In kuwa hannu ne ya ja baya, magana ta sake.

Na ce da su, wannan wace irin iska ce da ta tare jirgi ɗaya ta ƙyale na bayansa, alhali hanyarsu ɗaya? Ko ita ma taubashiyarsa ce? Shugaban kwamitin ya danne dariyarsa, ya ce a lokacin ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo, iska kuma takan bambanta daga hawa zuwa hawa. Gaskiyarsa ne, takan bambanta. Tun da nake aikin nan dai ban taɓa ganin iskar da ke tashi daga Guri, ta ƙare cak da an wuce ƙofar gidan Kawu ba.

Na huɗu: abin da ya faɗa a kan tabarmar suna.

Sati biyu bayan abin, aka yi sunan 'yar ƙanwarsa a nan Haɗeja, dangi suka taru har da na garin Malam Madori. Bayan an ci an sha, Mai Nawa ya baje a kan tabarma da cinyar rago a hannu, ya hango ni, ya ce a zo a ga baiwar da ta ce za ta ba ubangidanta oda a sama. Aka yi dariya, ni ma na yi, don dole. Daga nan ya zazzage komai da bakinsa. Ashe duk ran da zai biyo ta saman gari, kafin ya tashi yakan kira mahaifiyarsa, wadda dukkanmu muke ce wa Dada, ya faɗa mata lokacin da zai wuce. Ita kuma ta fito tsakar gida ta ɗaga hannu. Shi kuma in ya iso sai ya ɗan sassauta, wai gaisuwa ke nan. Ya ce Dada ta san jirginsa a cikin dubu, domin shi kaɗai ne ke jinkirta mata. Ya ƙara da cewa ran nan ma ya sami damar leƙa shinkafarsa, ya ga ruwa bai hau ta ba, ciyawar kacala ce dai ta toshe masa magudana. Na tambaye shi ina iskar? Ya ce iska ai tana nan a takarda.

Na ɗauka mutane za su yi salati. Ina! Tafi aka yi masa. Mata suka ce ɗa na gari ke nan, Allah ya ba mu irinsa. Kawu ya gyara zama ya dube ni ya ce, "Ke 'yar nan, tun da nake ban taɓa jin an kama direba da laifin tafiya a hankali ba. Kullum roƙo ake a rage gudu. Yaro ya rage don kansa, ke kina cewa ya ƙara?" Wata tsohuwa daga baya ta ce sannu ba ta hana zuwa. Na ce Hajiya ki ƙarasa mana, sai dai a daɗe ba a je ba, kuma mu a wurinmu akwai wani a baya da bai san an koma sannu ba.

Na gwada wa Kawu da abin da ya sani. Na ce ya tuna lokacin da kakanmu ke da garke, in za a ƙetare kogi da shanu ruwa ya kawo. Saniyar gaba in ta tsaya a tsakiya tana kallon gari, me ke samun na baya? Su ba ƙasa a ƙafarsu balle su tsaya, sai su hau kanta. Kawu ya nemi goro a aljihu, ya ɓantara, ya ce shanu daban, jirgi daban. Daga nan ya tashi wai zai yi alwala, alhali ko la'asar ba ta yi ba.

Ka ga halin da nake ciki. Rabin Haɗeja sun ji gaskiya daga bakin mai ita, har mai kiɗan ƙwarya ta ji, amma mutum ukun kwamitin da ke riƙe da lasisina ba su ji ba. Kuma duk wanda ya zauna a wurin ba zai maimaita ba, don a wurinsu maganar taubasai ce, in an naɗe tabarma an naɗe da ita.

Na biyar: ba shi kaɗai ba ne.

Kada ka ce na tasa ɗan'uwana a gaba. Shi dai nasa ya fito fili ne. Akwai waɗanda in na ce su rage sai su maimaita mini daidai, su ci gaba da sheƙa gudu don sun makara, ko don suna son su riga wani isa. Akwai waɗanda tun daga nesa suke ragewa don kansu, wai sun fi jin daɗin saukowa a natse, ba su gaya wa kowa ba. Na san kyaftin shi ne mai jirginsa, kuma ban taɓa tuƙa ko keke mai kyau ba balle in koya wa wani tuƙi. Amma matuƙi gabansa kawai yake gani. Wanda ke bayansa, da wanda ke tahowa ta gefe cikin gajimare, ni nake ganinsu. In na ce wa mutum ɗari biyu da goma, ba don lambar ta yi mini daɗin faɗa ba ne. Na riga na gina na baya a kanta, na gina na bayan na baya a kan wancan.

Kuma ƙa'ida ba ta ɗaure kowa ba. Ta ba matuƙi kalma guda da zai faɗa in gudun da aka ba shi bai yi masa ba, ya ce ba zai iya ba. Shi ke nan. Ba na tambayar dalili, ba na jin haushi, sai in sake lissafi in buɗa wa na baya hanya. Wallahi da ran nan Mai Nawa ya ce mini yana neman ya rage, da na karkatar da 'yan Umra tun da wuri, ya yi gaisuwarsa, ya ƙirga buhunan shinkafarsa tun suna ruwa, babu mai jin kanmu. Abin da ke kashe mu shi ne a ce to da baki, hannu kuma ya yi abin da ya ga dama.

Na shida: Dada.

Tun da na dawo gida nakan je in taya ta hira da yamma. Ta tsufa, yanar ido ta rufe mata gani, sai dai ta gane mutum da murya. Shekaranjiya muna zaune a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, sai ga ƙugin jirgi can sama-sama. Ta ajiye faranti, ta dafa bango ta miƙe, ta ɗaga hannu tana addu'a har ƙugin ya ɓace. Ni kuwa na san jadawalin sama kamar yadda ta san ranakun kasuwa. Na ce Dada, wannan fa ba ɗanki ba ne, jirgin kaya ne, ɗanki yau ma hutu yake.

Ta ce, "Yo na sani. Wa ya ce miki ina gane su? Ni duk ƙuginsu ɗaya ne a kunnena. In ya kira in fito, in bai kira ba in na ji in fito. Kowanne ai ɗan wata ne."

Na ce amma shi cewa yake kin san nasa, don yana jinkirta miki. Ta yi dariya har da tari, ta ce wane jinkiri, ita da ko tsuntsun da ke kan katanga ba ta gani? Ta ce ta dai ƙyale shi ne yana faɗa, don ta ga yana jin daɗi.

Ashe duk surutun da ake yi, babu wanda ya zaunar da ita ya faɗa mata abin da ya faru. An dai ce mata mun sami saɓani a wurin aiki. Sai na cire takalmana na ajiye a kan tabarma, ɗaya gaba ɗaya baya. Na kama hannunta na ɗora a kan na gaba na ce wannan ɗanki ne. Na ɗora a kan na baya na ce wannan mutane ne cike, sun fito daga Ɗakin Allah. Na riƙe na gaba, na riƙa turo na baya a hankali, hannunta na tsakani, har ya taɓa mata yatsa. Ta janye hannun da sauri. Ta tambaye ni, wannan duk don ya gaishe ta ne? Na ce haka ya faɗa. Ta manta da gyaɗar, kaji suka samu.

Can ta ce in kira mata shi. Ban ji abin da ya ce ba, nata na ji. Ta ce daga yau kada ya ƙara kiranta kafin ya tashi, ya bari sai ya sauka. Ta ce, "Ni ba gaisuwarka daga sama nake so ba. Sallamarka a ƙofar gida nake so, kai da 'ya'yan mutane da ke bayanka." Ta ce masa kuma ya je ya faɗi gaskiya a saki 'yar mutane. Da alama dariya ya so ya mai da abin, don na ji ta ce ita ba taubashiyarsa ba ce, ta miƙo mini wayar. Ko da na kara a kunne ya riga ya kashe.

Na faɗa mata sharaɗin mahaifiyata. Ta ce Goggonsa ta yi daidai, ba a kai taubashi ƙara. Ta ɗan yi tunani, sannan ta ce, "Amma ai ana tona shi. Tona shi, 'yar nan, ki ɗaga murya. In ya yi fushi shi ya faɗi." Saboda haka duk wanda ya ga wannan takarda ya ji zafi, ya san inda zai kai kukansa. Tana nan tsakar gida kullum da yamma.

Ga roƙona, ranka ya daɗe.

Ina roƙon ka kira shi ofishinka, ka rufe ƙofa, ka tambaye shi labarin iskar nan ido da ido. Ba ya iya ƙarya in an dube shi, kunnensa ke motsi, tun yana yaro haka yake.

Ina roƙon kamfaninku ya janye wancan layi ɗaya, ya bar shi ya zo gaban kwamiti da ƙafarsa ya faɗi abin da ya faɗa da cinyar rago a hannu. Ba sai ya zo da ragon ba.

Ina roƙon kada a kore shi. Da gaske nake. Matuƙi ne mai kyau, saukarsa ko jariri ba ta tayarwa, kuma abin da ya ja shi son uwa ne, ba mugunta ba. A mai da shi aji ya ɗan zauna, a tuna masa. In da hali a kawo shi ɗakinmu ya wuni a bayan kujera yana kallon allo, ya ga yadda ɗigo ke bin ɗigo. In an mayar da ni, ni da kaina zan ba shi kujera, har shayi baiwa za ta haɗa wa ubangidanta.

Ina roƙon ka tara sauran ka faɗa musu da bakinka, don sun fi jin naka: gudun da aka ba ka ka karɓa, riƙe shi. In ba za ka iya ba, faɗi. Babu wanda zai rage maka girma don ka faɗa.

Ban iya komai ba sai wannan aiki, ranka ya daɗe. Shinkafar da nake tsinta ma mahaifiyata sake tsince ta take yi in na juya baya. In na ji ƙugi ya wuce saman gidan nan, Dada hannu take ɗagawa, ni kuwa sai in kama kaina ina lissafa masa tazara, ina neman wanda ke bayansa. Ina son in koma inda lissafin zai yi wa wani amfani.

Allah ya ƙara maka lafiya da girma, ya sa duk jirgin da ka sallama ya sauka lafiya, ya kare matuƙanka da waɗanda suka ɗauka, ya ba ka ikon yin adalci tsakanin baiwa da ubangidanta. Allah ya bar mana Dada, ya karɓi addu'ar da take yi wa 'ya'yan mutane.

A ƙarshe, ga saƙo ka isar wa Mai Nawa, tun da ya daina ɗaukar wayata. Kwamiti Litinin da safe zai zauna, kuma ba ya kewaya saman Jahun ya jira kowa. Ya taso da wuri, ya riƙe gudunsa har ƙofar ɗakin. Dada ta ce ba za ta fito tsakar gida ran nan ba, tana ɗaki da waya a hannu, sai ya sauka.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
'Yar goggon Mai Nawa,
Haɗeja.